Zaren Hagu

A da, in mutum ya rasu a Jibiya da hantsi, kafin a gama haƙa kabari danginsa na Ɗan Isa da ƙauyukan Maraɗi sun iso, wasu a kan jakuna, wasu a bayan motar kaya, babu mai tambayarsu takarda. Iyakar tana nan tun wancan zamanin, amma sanda ce a gicciye a kan ganguna biyu, mai tsaron sandar kuma ya san kakanka. Yanzu labarin mutuwa yana tsallake iyaka ta waya kafin gawa ta huce, mutum ne ba ya iya tsallakewa. Shi ya sa muka binne Yayata 'yarta ta fari ba ta nan.

Ta cika da safe, a zaune a kan tabarmarta, bayan ta kurɓi koko ta ce a ajiye mata sauran. Kafin azahar mun kai ta. A ƙofar gida maza suka faɗi abin da maza ke faɗi: Allah ya jiƙanta, mace ce mai zumunci, ba ta da abokin faɗa. Na amsa da amin ban gyara musu ba, ko da yake na san tana da abokan faɗa, ni ne ma na farkonsu. Shaidar da ta yi kama da ita a bakin wasu na ji ta. Wani tsohon mai shayi na bakin boda ya zo da bargo a kafaɗa, ana wannan zafi na bazara, ya zauna yana zufa bai sauke ba. Da aka yi masa magana ya ce, "Zarenta ne. Ban san mi zan kawo ba, shi ne na kawo shi ya yi gaisuwa." Wata maƙwabciya ta shigo da majanyi a ninke, tana nuna wa mata jan adon da ke bakinsa, tana cewa da shi ta goyi 'ya'yanta duka, da shi aka goyi jikoki, ku duba kuma, bai koɗe ba. Matar ɗan Yaya, wadda ke kula da ita a shekarun nan, ta gaya mini cewa wajen wanka sun cuɗa hannuwanta da sabulu har sun gaji, shuɗin rini bai fita ba, na hagu ya fi na dama duhu. Tsohuwar da ke jagorantar wankan ta ce su bari, ba datti ba ne.

Aminiyarta kuwa, wata Bafulatana daga rugar da ke bayan Daddara, ba ta yi kuka ba da ta shigo. Ta tsaya a kan tabarmar da babu kowa, ta dogara sandarta, ta kira ta da sunan tsokanar da Fulani ke yi wa Bahaushe, ta ce, "Kaɗo, kin yi mini wayo. Ba cewa muka yi ni zan riga ki ba?" Sannan ta zauna ta ja mayafi ta rufe fuska.

'Yar Yaya tana aure a wani ƙauye gaba da Ɗan Isa. Boda a rufe take, hanyar daji kuma ba a binta yadda aka ga dama saboda 'yan bindiga, sai washegari da la'asar wani mai babur ya zagayo da ita. Mace ce da ta yi jikoki ita ma. Ta durƙusa ta gaishe ni, muka yi wa juna ta'aziyya, sannan ta juya wajen matar ƙanenta. Ba ta tambayi yadda aka yi ba.

"Ta ambace ni?"

"Kullum tana cewa ta yafe wa kowa, Gwaggon yara."

"Ban ce kowa ba. Ni. Ta ce ta yahe mini?"

Matar ƙanenta ba mai ƙarya ba ce. Ta sunkuyar da kai. 'Yar Yayata ta je ta zauna a bakin ƙofar ɗakin uwarta, ba ciki ba waje, kamar wadda aka tsare a shinge. Abin da ya kawo ta ke nan, wadda za ta ba ta amsa kuma tana ƙarƙashin ƙasa tun jiya. Don a gane nauyin wannan tambaya dole in koma baya, in fara daga hannun hagu.

Yayata bahaguwa ce. A gidanmu, kamar kowane gida, ba a barin yaro da hagu. Innarmu ta ɗaure mata hannun da tsumma, ta ƙwanƙwasa shi da ludayi, har ta koyi cin tuwo da dama, miƙa abu da dama, karɓa da dama. Amma ran da aka ba ta mazari, tsinken nan mai gululun yumɓu a gindi da ake murzawa a yi zare, sai hannun hagu ya karɓe abinsa. An yi, an yi, Inna ta gaji ta ce, "Ku bar mata wannan. Mazari ba akushi ba ne."

Wanda bai san kaɗi ba zai ce ai zare zare ne. Ba haka ba ne. Mai kaɗin dama zarenta yana murɗewa ta fuska ɗaya, mai hagu ta ɗaya fuskar. In da sili ɗaya za a yi aiki, babu damuwa. Amma zaren bargo sai an tufka shi, a haɗa sili biyu a murɗe su su zama ɗaya, kuma dole su zo da murɗi iri ɗaya. In ka haɗa na hagu da na dama, duk inda ka juya, ɗaya na ƙara ɗaurewa ɗaya na kwancewa. Na yi shekaru ina tuƙa babbar mota. Na ga masu kaɗi a Mopti da Gawo, na gan su a Agadas a gindin tanti, na gan su a Umdurman a ƙofar gida, kowane gari da hannun da ya saba. A Jibiya da kewaye kowa dama yake yi. Zaren Yaya ba ya haɗuwa da na kowa sai da nata. Masaƙa kan gane shi ido rufe, ita kuma tana ji da hakan fiye da yadda ya kamaci mai salla.

Gashin, ni na fara kawo mata shi. Tumakinmu ba su da gashin kaɗi. Masu shi suna can bakin kogi, daga Tilaberi zuwa ƙasar Masina. Wata tafiya na sayo buhu guda don in riƙa matashi da shi in na kwanta a ƙarƙashin mota. Da na dawo Yaya ta gani ta kwance bakin buhun ta sa hannu, shi ke nan ban sake ganinsa ba. Na ce mata Larabawa suna ce masa sufi, Faransawa len, 'yan kasuwarmu kuma ulu. Ta shinshina ta ce, "Auta, ko da wane yare ka hwaɗa, warin tunkiya ne." Auta take kirana har na yi furfura, har a gaban surukaina. Shi kuwa gashi take ce masa har ta koma ga Allah.

Da farko ta yi masa abin da ake yi wa kayan wanki. Ta tafasa ruwa ta zuba, ta cuɗa da ƙarfinta duka, ta ɗauraye da ruwan randa, ta shanya. Ya bushe ya dunƙule kamar kirgi, ko wuƙa ba ta shigarsa da daɗi. Matan gida suka yi ta dariya, kyanwa ta samu katifa. Ta ce in ƙaro wani. A hankali ta gano cewa gashi jiƙa shi ake yi a tsame, ba a cuɗawa, ba a fitar da shi daga ruwan zafi zuwa na sanyi farat ɗaya. Ta gano tokar da auduga ke sha lafiya ita ce ke cinye gashi, sai ta rage wa ruwan rininta kaifi. Ja daga karan dafi da 'yar kanwa, rawaya daga saiwarta, baƙi daga bagaruwa da ruwan da tsohon ƙarfe ya kwana a ciki. Babu wanda ya koya mata. "Gashi ba ya son a matsa mishi," in ji ta, "kamar kai."

Wurin zamanta ɗaya ne, bakin ɗaki, inda haske ke faɗowa bayan azahar. Ta miƙe ƙafa, ta shafa alli a yatsu, ta dasa gindin mazarin a ɗan ƙoƙonsa. Daga nan take mulkin gidan ba tare da ta ɗaga kai ba: wa ya bar murfin randa a buɗe, wace akuya ce ke cin shanya, wane jika ne ya shigo ba sallama. Ranar rini igiyoyi kan cika tsakar gida, ja da shuɗi suna ɗiga, kowa ya bi ta ƙarƙashi a sunkuye, har mai gidanta, Allah ya jiƙansa, wanda ya taɓa zuwa masallacin Juma'a da ɗigon ja a rawani ba wanda ya gaya masa. Ba ta rini in tana fushi, ta ce launi na ji. Zancen iyaka kuwa ba ta taɓa ɗaukarsa da gaske ba. In an ce mata ana neman katin shaida kafin a wuce, sai ta ce ita ba Nijar za ta ba, gidan kawunta za ta.

Shuɗi daga tsohuwa yake fitowa. Tsohuwa kwatarniya ce, binne zuwa wuya a bayan ɗakinta, cike da ruwan baba. Ba ruwan ne ya tsufa ba, ana sabunta shi. Amma duk sabon haɗi sai an zuba masa ƙoƙo ɗaya na tsohon, kamar yadda ake sa wa madara tsohon nono ta yi kindirmo. Ƙoƙon farko Innarmu ce ta zo da shi ranar da aka kawo ta aure daga wani ƙauye da yanzu yake cikin Nijar, ita ma daga tukunyar uwarta ta ɗebo, Yaya kuma da nata ƙoƙon aka kai ta ɗakin miji. Safe da yamma takan ɗaga faifan, ta motsa da muciya, ta dubi kumfar, ta lakato da yatsa ta ɗanɗana. In ka zo gaishe ta ka tarar tana fara'a, tsohuwa ta tashi lafiya. In ka tarar tana amsa gaisuwa da "uhm", ka sha kokonka ka kama gabanka.

Akwai shekarar da aka tsare wata mota a boda lokacin ɗari, cikinta har da wata Bazabarma da jaririnta. Yaya ta ji labari a bakin masu tallar fura, ta aika aka zo da ita. Matar ba ta jin Hausa, Yaya ba ta jin komai sai Hausa, aka aiko in zo in yi tafinta. Da na iso na tarar da su a kan tabarma ɗaya, kowacce da mazari, baƙuwar tana kallon hannun Yaya tana dariya tana jujjuya nata. Na buɗe baki zan fara Zabarmanci, Yaya ta ce, "Mun gama magana. Tahi." Da aka saki motar, matar ta tafi da jaririnta a goye da majanyin da an riga an yi wa wata alƙawarinsa. Yaya ta sha mitar mai shi.

'Yarta 'yar fari ce, Yaya kuma mutumiyar da ce: ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta yabonta, ba ta kallonta ido cikin ido a gaban mutane. "Waccan" take ce mata, da ta yi aure kuma ta koma "'yar Nijar". Yarinyar ta koyi kaɗi ne a zaune gaban uwarta, tana kwaikwayonta kamar mai duba madubi, hagun uwa ya zama damar 'ya. Ta iya ƙwarai, zarenta siriri ne mai kyau, amma na dama ne. Ran da suka gwada tufka nasu tare ya kwance a hannunsu, suka yi dariya su biyu, ina wurin. Daga nan kowacce da dunƙulenta. Wanki da shiɓa, wato tsefe gashin kafin kaɗi, da rini kuwa tare suke yi, kuma in ban da Yaya babu mai ɗaga faifan tsohuwa sai ita.

Shi ya sa shekarar da Yaya ta tafi Makka ita aka kira ta zo ta riƙe gidan. Ana cikin haka tsohuwa ta yi barci. Kumfar ta kwanta, zare ya shiga ya fito fari-fari. Yakan faru, kuma Yaya ta san yadda take lallashinta da 'yar dusa da haƙuri. 'Yar ba ta sani ba, ko ta sani tsoro ya hana ta jira. Ta ga ranar dawowa na matsowa, ta ga uwarta za ta sauko daga jirgi ta tarar da amanar a mace. Ta tsallaka Maraɗi ta sayo garin shuɗi na kanti da sodar da marinan zamani ke aiki da ita, ta zuba. Da farko shuɗin ya fito yana ɗaukar ido. Bayan nan zaren da aka tsoma ya riƙa tsinkewa in an ja shi, ruwan ya canza wari, tsohuwa ba ta sake tashi ba.

Ranar dawowa gida cike, ana ta "Hajiya, barka da sauka", Yaya ko zama ba ta yi ba ta zagaya bayan ɗaki da fararen kayanta. Ta ɗaga faifai, ta ɗanɗana, ta tofar. Ta dawo tsakar gida, a karo na farko ta dubi 'yarta ta fari ido cikin ido a gaban jama'a.

"Tun kina ƙarama naki kwance nawa yake yi. Daga yau hannunki da zarena sun raba hanya."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi sauƙi.

Ba su yi gaba ba, kada a yi wa mamaciya ƙazafi. 'Yar Nijar tana zuwa kowace salla, ta durƙusa, a amsa mata, a zuba mata tuwo da tsokar da ta fi kowace. Da ta aurar da 'ya'yanta, Yaya ce ta yi musu barguna. Amma da zarar ta matso kusa da tabarmar kaɗi, sai Yaya ta jawo faifai ta rufe kwandon zare, kamar ba da gangan ba. Ta roƙo ruwan baba daga wata marina a Katsina ta tayar da sabon haɗi a cikin kwatarniyar nan dai, amma ba ta taɓa ce mata tsohuwa ba. Baƙuwa take ce mata, shekara da shekaru.

A kan wannan muka yi faɗanmu mafi girma. 'Yar ta same ni a tasha tana kuka, ta ce, "Kawu, bakin uwa ne a kaina. Ka yi mata magana." Na je na zauna, na fara da wa'azi, abin da ban iya ba.

"Yaya, tukunya ce hwa. Ruwa ne da ganye."

"Kai da ba ka san tukunya ba sai ta tuwo."

"Don ke ta yi. Tsoronki ta ji."

"Hannun Inna na ciki, Auta. Da na uwar Inna da ba ka sani ba. Kai ka tahi yawon duniya, ni abin da aka bar mini ke nan."

"To ki yahe mata."

"Ka ji na ce ban yahe ba?"

"Ban ji kin ce kin yahe ba."

Ta murza mazarinta, ya yi ta juyawa a cikin ƙoƙonsa. Can ta ce, "In buɗe baki in ce ma ɗiyar hwari mi? Kai ba ka da kunya, ƙasashen da ka je sun cinye ta. Tashi ka ba ni wuri, kana tare mini haske." Na tashi na kama hanyar Agadas da fushina. Da na dawo na tarar da hular sanyi a kan gadona, shuɗiya, ta yi mini yawa. Na je na ce ta yi yawa. Ta ce daidai girman kaina ta yi ta, yadda nake jin sa.

Daga baya komai ya riƙa janyewa. Gwiwa ta sauke ni daga mota, hanyar Masina ta daina biyuwa, boda yau a buɗe gobe a rufe. Ulu na kanti ya cika kasuwa, a leda, kowane launi, ba wari ba wahala. Masaƙan da ke karɓar zarenta suka mutu ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu suna acaɓa da fiton fetur. Aminiyarta kan samo mata gashin raƙumi wajen Buzaye in sun sauko. In babu, ta sayi tsofaffin rigunan sanyi na gwanjo ta warware, ta shiɓe, ta sake kaɗawa. A Tamanrasat na ga an yi wa irin wannan sana'a shago, baƙi na ɗaukar hoto. A nan jikokinta kunya suke ji in abokansu sun ga hannunta. Ragowar buhun da na kawo a tafiyata ta ƙarshe kuwa ta rataye shi a rufin ɗaki ta hana kowa taɓawa. Na tambaye ta na mene ne, ta ce ba na direbobi ba ne.

Ranar sadakar uku, bayan an watse, mata suka shiga gyara ɗakin, aka kira ni in tsaya a matsayin babba. 'Yar tana nan inda take tun zuwanta, a bakin ƙofa. An ce ta shigo ta ɗauki abin da take so na uwarta, ta ce ba ta da hannun taɓawa. Bafulatanar ce ta jawo kwandon zare ta ɗaga faifan. A sama dunƙulen shuɗi ne da ja, ragowar aiki. A ƙasa akwai ƙullin tsumma. Ta kwance. Dunƙulen zare ne fari, ba a rina ba, sili ɗaya, wani wuri kauri kamar igiyar guga, wani wuri siriri kamar zai tsinke, ga ƙulli nan da can inda ya tsinke ɗin aka ɗaura.

"Wace ƙazama ta yi wannan?" in ji ta. "Ko jikata mai majina ta hi haka. Wa ya sa shara cikin kwandon Kaɗo?"

"Nata ne," in ji matar ɗan Yaya.

"Ke, yi mana shiru. Shekara nawa ina kallon hannun matar nan?" Ta ja silin ta kai shi kusa da idonta, ta murza shi tsakanin yatsu biyu don ta ga ta inda yake kwancewa. Ta sake murzawa. "Wannan ai dama ne."

Matar ɗan Yaya 'yar birni ce, ba ta san hagu da dama a zare ba. Ta ce ita dai abin da ta gani, tun damina Hajiya ta sa aka sauko da buhun nan na rufin ɗaki, ta wanke, ta shiɓe, ta riƙa kaɗi da ɗaya hannun. Mazarin yana ta faɗuwa, har gululun ya fashe aka nemo wani. Tana yi tana tsaki tana zagin hannun, tana ce masa malalaci, ci kawai ya iya. "Na zaci kafaɗarta ke ciwo, na kawo man zafi. Ta ce lahiyarta lau. Ta ce kada in gaya wa kowa sai ya yi kyau." Ta share hawaye da bakin mayafi. "Kullum in ta duba sai ta ce bai yi ba tukuna."

Bafulatanar ta sake sa hannu a ƙasan kwandon ta fito da wani ƙulli. Gashi ne wankakke, shiɓaɓɓe, an naɗe shi tsaf, ba a taɓa ba. Ta ɗora dunƙulen a tafi ɗaya, gashin a ɗaya, ta jijjiga su kamar mai sayar da man shanu. Daidai suke.

"Rabin aiki ne," in ji ta. "Sili ɗaya ba ya bargo, ɗan'uwansa yake jira. Da ita za ta yi ɗan'uwan, da hagunta za ta yi duka biyun ta huta." Ta ɗaga kai. "Wa ke kaɗin dama cikin zuriyar nan?"

Babu wanda bai juya ya dubi bakin ƙofa ba.

'Yar ta rarrafo da gwiwa, mace mai jikoki, ta tsallake dokin ƙofar da ta ƙi tsallakewa tun zuwanta. Ba ta karɓi zaren ba. Ni ta duba.

"Kawu, wannan yahiya ce? Kada ka hwaɗa don in ji daɗi."

Ni ba malami ba ne, kuma ban ji da kunnena ba, na gaya mata haka. Na ce abin da na sani shi ne, Innarmu da tsummanta da ludayinta ba ta iya raba matar nan da hagu a kan mazari ba, mijinta bai iya ba, masaƙa sun roƙa ba ta yi ba. Ta kai tsufan da ko kafar allura ba ta gani, sannan ta zauna daga damina har bazara tana koyon abin da ta ƙi koya tun tana yarinya, don ya haɗu da na mutum ɗaya. Na ce na ji ana yafe wa mutum da Larabci da Faransanci da Fulatanci, duk numfashi ɗaya ya isa. Wannan ban san sunan da zan ba shi ba in ba yafiya ba.

Ta miƙa hannu biyu. Bafulatanar ta ɗora mata, ta ce, "Karɓi. Kuma kada ki jiƙa shi da hawaye ki cuɗa, kin san halinsa."

A kan tabarmar uwarta ta zauna ta kaɗa rabin nata. Rabonta da mazari tun ranar da aka dawo daga Makka, hannun ya mance, nata ma ya fito da kauri da siriri. Bafulatanar, wadda ta ƙi komawa ruga sai ta ga ƙarshen abin, tana gefe tana cewa uwa da ɗiya duk ba su iya ba, Allah ya yi wa masaƙa gata da suka mutu ba su ga wannan abin kunya ba. Ran da aka gama suka ɗaura bakin silin biyu, 'yar ta murza. Muna tsaye muna kallo, har ɗan Yaya da bai taɓa kula da zare ba. Ya murɗe. Ta ja shi, ta sake ja da ƙarfi. Bai kwance ba.

Sai aka ce a rina. Nan ne muka tuna da baƙuwa. Tun safiyar rasuwar babu wanda ya ɗaga faifan, kowa na ta karɓar gaisuwa da dafa wa jama'a abinci. 'Yar ta zagaya bayan ɗaki, ta buɗe, ta lakato ta ɗanɗana kamar yadda uwarta ke yi. Ta mayar da faifan a hankali. Wata daga cikin matan ta ce ai akwai garin shuɗi a kasuwa, a aika yanzu-yanzu. Ta ce a'a. Fari uwarta ta bar shi, fari zai zauna.

Ta koma ta hanyar da ta zo, a bayan babur, dunƙulen a ƙulle a bakin zanenta. Bai isa bargo ba, kuma ko ya isa babu masaƙin da za a kai wa.

Na rubuta wannan ne don jikokin da ke jin kunyar shuɗin hannunta, ko wata rana za su so sanin hannun wa suka ƙi nuna wa abokansu. Allah ya yalwata mata kabarinta, ya haɗa ta da Innarmu, ya ba ta littafinta a dama, hannun da ta mutu tana koya wa aiki.

An wanke kwatarniyar, yanzu ruwan awaki ake zubawa a ciki. Gashi ya daina zuwa daga bakin kogi. A Jibiya babu sauran mai kaɗin hagu, babu kuma sauran mai ce mini Auta.